Shiga Aikin Soja Bayan Shekaru Sun Ja: Tambayoyi da Amsoshi

Galibin masu shiga soja matasa ne da ba su daɗe da barin sakandare ba. Amma da wuya a tara rukunin kurata a rasa mutum ɗaya ko biyu da suka baro mata da 'ya'ya a gida, ko suka ajiye sana'ar da suka shekara goma suna ci da ita. Tambayoyin irin waɗannan mutane kusan ɗaya ne ko a wace ƙasa suke, su ne aka tattaro a nan. Dokoki sun bambanta daga runduna zuwa runduna, kuma suna sauyawa, saboda haka alƙaluman da ke ƙasa misalai ne. Sanarwar rundunar da kake nema ita ce mai raba gardama.

Daga shekara nawa ake ganin mutum "babba" ne a cikin kurata?

A waje, mai shekara 27 matashi ne da bai gama kafa kansa ba. A sansanin horo kuwa shi ake kira Baba. Tunda yawancin abokan horonsa 'yan 18 zuwa 21 ne, duk wanda ya haura 25 ya shiga sahun manya, wanda ya haura 30 kuwa ya zama dattijon ɗaki ko ya so ko bai so ba. Sai dai mai 26 da mai 38 ba ɗaya ba ne ta fuskar jiki da nauyin iyali, don haka wasu amsoshin za su fi shafar wani fiye da wani.

Mece ce iyakar shekarun shiga?

Babu iyaka guda da duniya ta yi ittifaƙi a kai. A Amurka dokar ƙasa ta ba da damar ɗaukar mutum daga 17, da amincewar iyaye, har zuwa 42, amma kowane reshe yana iya tsayar da tasa iyakar ƙasa da haka. Sojojin kundunbala na ruwa, wato Marines, sun fi kowa tsauri, 28 suke tsayawa. Sojojin ruwa sun ɗaga tasu zuwa 41 a 2022, sojojin sama kuma suka kai tasu 42 a 2023. A Birtaniya wanda zai zama sojan ƙasa na dindindin sai ya shiga kafin ya cika 36, na ko-ta-kwana kuma ana ɗaukarsa har farkon shekaru arba'in. Rundunar Baƙi ta Faransa, wato ta 'yan ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1831, tana karɓar ɗan kowace ƙasa muddin bai kai 39 da rabi ba.

Kanada da Ostireliya sun fi sakin hannu: tunda ritayar dole a 60 take, mai hamsin da 'yan kai ma yana iya samun gurbi a wasu ayyuka. A ɗaya gefen kuma akwai ƙasashen da ƙofarsu ke rufewa da wuri. Sojojin ƙasa na Najeriya, alal misali, sun saba neman kurata 'yan 18 zuwa 22, masu sana'ar hannu kuma zuwa 26.

Abu ɗaya da ake yawan yin tuntuɓe da shi: a tambaya a ji wace rana ake ƙirga shekarun. Wata runduna ranar da ka cika takarda take dubawa, wata ranar rantsuwa, wata kuma ranar fara horo. Tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya cin wata shida ko fiye, kuma mutane sun sha faɗuwa a wannan ratar.

Me ya sa iyakar take hawa da sauka haka?

Buƙata ce ke juya ta. Lokacin da yaƙin Iraƙi da na Afghanistan suka yi zafi, masu neman shiga suka yi ƙaranci, sojojin ƙasa na Amurka sun ɗaga iyakarsu har 42 a 2006. Da ƙura ta lafa, aka maido ta 35 a 2011. A Yukren, bayan mamayar Rasha ta 2022, kiran dole ya kai har kan masu shekara 60, ramukan fagen daga suka cika da 'yan arba'in da 'yan hamsin. Ƙasar da matasa suka yi mata yawa, ayyuka kuma suka yi kaɗan, ba ta da dalilin ɗaukar mai 35, ga dubban 'yan 20 a layi. Ƙasar da jama'arta ke tsufa, kamfanoni kuma ke wawashe matasan, dole ta buɗe ƙofa.

Akwai kuma lissafin kuɗi. Gwamnati tana kashe dukiya mai yawa kafin ta mai da farar hula soja, tana kuma son ta mori shekarun aikinsa kafin ya kai ritaya. Wannan lissafin shi ne zai sake dawowa a amsar da ta shafi fansho.

Na wuce iyakar da kaɗan. Ana yin rangwame?

Wani lokaci ana yi, amma ba haƙƙinka ba ne, alfarma ce da ake yi idan runduna ta ga tana da riba. Mutum biyu suka fi samu. Na farko wanda ya taɓa aikin soja ya bari: a Amurka ana cire shekarun da ya yi a baya daga shekarunsa na haihuwa, sai mai 44 da ya taɓa yin shida a ɗauke shi kamar mai 38. Na biyu mai ƙwarewar da ake nema ido rufe, irin su likitoci, ma'aikatan jinya, lauyoyi, malaman addini da masana tsaron kwamfuta. Su ana ɗaukarsu a matsayin hafsoshi ta wata hanya daban, wadda aka yi bayaninta a amsar masu digiri.

Wanda ba ya cikin waɗannan biyun, ya fara duba wani reshe ko rundunar ko-ta-kwana kafin ya ɗora rai a kan rangwame.

To in na rage shekaruna a takarda fa?

Kada ka yi. Shiga soja da bayanan ƙarya laifi ne a dokar soja, hukuncinsa yana kaiwa ga kora, wani lokaci har da ɗauri da asarar haƙƙoƙi. Kuma ba ranar shiga kaɗai ake bincike ba. Ana sake tono takardu lokacin ƙarin girma, lokacin tantancewar tsaro, da lokacin ritaya, wato daidai sa'ar da asarar za ta fi ciwo.

Jikina zai iya ɗaukar horon kurata kuwa?

In kana da lafiya kuma ka shirya, zai iya. Amma ka san inda gizo ke saƙa. Gemu ba ya hana ilimi, gwiwa kuwa tana hana gudu. Daga wajen shekara 30 ƙarfin zuciya da huhu na sarrafa iska yana raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma ga wanda ba ya motsa jiki, ko da yake mai motsa jiki yana rage saurin wannan faɗuwar sosai. Shi ya sa za ka ga mai 36 da ya saba gudu ya bar ɗan 19 mai kwana kan waya a baya. Matsalar babba ba ranar aikin take ba, washegari take. An yi tafiyar ƙasa da kaya a baya, an dawo an kwanta awa biyar. Da asuba ɗan 19 zai diro daga gadon sama kamar ba a yi komai ba. Mai 36 zai zauna a bakin gado tukuna, ya taka diddige a hankali ya ji ko za ta ɗauke shi. Kuma yau ɗin ma akwai gudu.

Horon kurata ba ya ba jiki hutun da zai gyara kansa. Na sojojin ƙasa na Amurka mako 10 ne, na kundunbala mako 13, na Rundunar Baƙi ta Faransa kusan wata huɗu, a wasu ƙasashen har wata shida. Abin da ke kayar da manya a wannan tsakanin ba kasafai yake zama babban rauni ba. Ƙananan ciwuka ne masu taruwa: zafin ƙwauri, kumburin jijiyar diddige, ciwon gwiwa da na ƙugu, sai kuma tsagewar ƙashi ta yawan taku. Wannan ta ƙarshen tsohuwar abokiyar sojoji ce. Wani likitan sojan Prussia, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Breithaupt ya bayyana ta tun 1855, a ƙafafun sojojin da suka sha doguwar tafiya. Tana farawa da ɗan zafi a wuri guda wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, ya tsananta in an taka, ya lafa in an huta.

Babban kuskuren manya shi ne ɓoye irin wannan zafi don kada a ce tsufa ne. Wanda ya je wurin likita da wuri yakan sha hutun 'yan kwanaki ya koma layi. Wanda ya daure har ƙashin ya karye, sai dai a mai da shi rukunin baya ko a sallame shi gaba ɗaya.

Yaya zan shirya, kuma tun yaushe?

Ka ba kanka wata uku zuwa shida, in ka daɗe ba ka motsa jiki ba ma fiye da haka. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, amma ƙashi da jijiya suna da nawa, kuma su ne za su ci amanarka. Fara da tafiya mai sauri, ka haɗa da sassarfa, ka riƙa ƙara nisan kaɗan kaɗan. Masu horar da 'yan gudu sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Ka haɗa da ɗaga nauyi don ƙarfafa cinya, ƙugu da baya, sannan ka saba da tafiya da jaka mai ɗan nauyi, cikin takalmi irin na soja. Kada ka yi gudu da kaya a baya kai kaɗai a gida, wannan hanyar asibiti ce.

Tumbi ma sai an yi maganinsa, don ana auna nauyi da kitsen jiki kafin a ɗauki mutum. Mai shan taba ya daina tun yanzu, domin masu shanta sun fi samun rauni a horo kuma ƙashinsu ya fi jinkirin ɗinkewa. Ka kuma koya wa kanka kwanciya da wuri da tashin asuba. Wasu rundunoni suna taimakawa: tun 2022 sojojin ƙasa na Amurka suna da kwas na share fage a sansanin Fort Jackson, har na tsawon kwana 90, ga waɗanda kitse ko makin jarrabawa ya ɗan hana su kaiwa. Maganar jarrabawa kuwa, wanda ya shekara goma sha biyar rabonsa da aji ya ɗauko littafin lissafi ya kakkaɓe. Makin da ka ci shi ke yanke irin aikin da za a ba ka.

Me ya fi kayar da manya a gwajin lafiya? In ɓoye tsohon ciwo?

Ɗan 18 yana zuwa da fayil ɗin asibiti kusan fanko, mai 35 kuwa yana da tarihi. Hawan jini, ciwon suga, tsohuwar tiyatar gwiwa ko ta baya, raunin ji, matsalar ido, asma, da magungunan damuwa, su ne aka fi tsayawa a kansu. A dokar Amurka asmar da ta ci gaba bayan shekara 13 tana hana shiga sai da rangwame. Mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba galibi ana ɗaukarsa, amma ya kamata ya san matsayinsa, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari.

Ɓoyewa ba dabara ba ce. Tun 2022 cibiyoyin tantance kurata na Amurka suna iya ganin bayanan asibiti da na magungunan mai nema ta kwamfuta, sauran ƙasashe ma can suka nufa. Ko inda ba a kai nan ba, horon da kansa zai tona abin da ka rufe, kuma in ya tona, an kama ka da laifin da aka ambata a amsar rage shekaru. Abin da ya fi shi ne ka tattara takardun asibitinka tun da wuri, da wasiƙar likita mai nuna ka warke. Rangwamen lafiya yana ɗaukar lokaci, ga shi kuma shekarunka suna tafiya.

Ana sassauta wa manya a gwajin ƙarfi?

Ya danganta. Sojojin Amurka sun daɗe suna raba makin gwajin ƙarfi bisa rukunin shekaru, ta yadda lokacin da ake nema daga mai 37 a gudun mil biyu ya fi na ɗan 20 sauƙi. Rundunar sojojin ƙasa ta Birtaniya kuwa tun 2019 ta koma ga ma'aunin da ya dogara da irin aikin, ba ruwansa da shekaru ko jinsi. Ko ina ne dai, sassaucin a takardar maki yake tsayawa. Ranar tafiyar ƙasa nauyin jaka ɗaya ne, tsaunin ma ɗaya ne, kuma ba wanda zai rage tafiya don Baba na baya.

Yaya zan yi da karɓar umarni daga wanda na girma da shekara goma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, ita ce kuma mutane suka fi raina wa. A soja girma na igiya ne da anini. Kofur ɗan 23 zai tsaya a gabanka ya ɗaga murya don gadonka bai miƙe ba, ya sa ka tsallen kwaɗo saboda laifin wani yaro da ko sunansa ba ka riƙe ba, kai kuma amsarka ɗaya ce, ka ƙame ka ce to. Wataƙila a waje kana da ma'aikata goma a ƙarƙashinka. Wataƙila ƙanenka na uku ya girmi laftanan ɗin da za ka sara wa. Duk wannan ba ya shiga ƙofar bariki.

Abin da ke taimaka wa babba shi ne ya gane cewa tsawar ba da shi ake ba. Tsari ne da aka gina da gangan don a ga yadda mutum zai yi aiki cikin matsi da gajiya, kuma mai tsawar ma aikinsa yake yi, da yamma zai koma gida wurin iyalinsa. Yaro ɗan 18 yakan ɗauki abin a zuci ya yi ta ƙuna. Wanda ya taɓa zama da mugun maigida a wurin aiki, ko ya yi renon jariri mai kukan dare, ya riga ya san yadda ake barin hayaniya ta wuce ta saman kai. A nan shekaru riba ne.

Inda suke zama asara shi ne wurin "na fi ku sani". Za a nuna maka hanyar yin abu wadda ka tabbata akwai wadda ta fi ta, wani lokaci ma gaskiyarka ce. Ka yi yadda aka ce. Sansanin kurata ba wurin kawo gyara ba ne, lokacin da za a nemi ra'ayinka yana nan tafe bayan ka fita. Kuma ka tuna, wannan kofur ɗin da ka raina ya shekara biyar yana abin da kai ko mako biyar ba ka yi ba. A wannan fagen shi ne babba. Duk wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, gara ya tsaya tun a gida, don ƙarfin gudu ba zai cece shi ba.

Zama ɗaki ɗaya da yara fa?

Da gajiyarwa. Za su yi surutu lokacin da kake neman barci, su yi faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, su jawo wa kowa gwale-gwale. Za su laƙaba maka suna, Baba ko Tsoho ko Kaka, kuma gara ka amsa da dariya tun ranar farko. Ba a jimawa kuma sai ka ga suna zuwa gefen gadonka da dare, wannan yana kewar gida, wancan bai san yadda zai yi da albashinsa na farko ba. Masu horarwa sukan lura da haka su ɗora wa babba shugabancin ɗaki, wanda ke nufin laifin kowa a kansa zai sauka. Ka taimaka, amma kada ka mai da kanka uban kowa. Kai ma kurtu ne, kuma ranar haɗa bindiga cikin sauri wataƙila ɗan 18 ɗin ne zai koya maka.

Ina da digiri, ko sana'ar da na ƙware a kai. In shiga a kurtu ko in nemi hafsa?

Abin mamaki, ƙofar hafsoshi ta yau da kullum takan riga ta kurata rufewa. Makarantar horar da hafsoshi ta West Point a Amurka ba ta ɗaukar wanda ya cika 23, kuma sai marar aure. Sandhurst ta Birtaniya, mai kwas na mako 44, galibi 'yan ƙasa da 29 take nema. Amma akwai hanyar ƙwararru, inda likita ko lauya ko malamin addini ke yin gajeren kwas na 'yan makonni ya fito da anini, kuma a nan iyakar shekaru tana da faɗi sosai. In kana da irin wannan takarda, da ita za ka fara tambaya.

Wanda ya shiga a kurtu ma karatunsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. A sojojin ƙasa na Amurka mai digiri yana farawa ne daga mataki na huɗu maimakon na ɗaya. Makaniki, direban manyan motoci, mai aikin lantarki da mai gyaran na'urori suna da daraja a kowace runduna. Binciken cibiyar RAND a Amurka ya nuna cewa kurata masu ɗan shekaru sun fi yawan faɗuwa a horon farko, amma waɗanda suka tsallake sukan fi saurin samun ƙarin girma, sun kuma fi sabunta kwantiragi. Ma'ana, wahalar a bakin ƙofa take taruwa.

Ina da aure da 'ya'ya. Zai hana?

Aure ba ya hanawa a mafi yawan rundunonin da ke ɗaukar manya, amma yawan waɗanda ke ƙarƙashinka yana iya hanawa. A sojojin ƙasa na Amurka mai aure da ke da yara ƙanana fiye da biyu sai ya nemi rangwame, wanda kuma yake riƙe da yaro shi kaɗai ba a ɗaukarsa aikin dindindin. Wasu ƙasashen ma marasa aure kawai suke nema a matakin kurtu.

Doka dai ita ce mai sauƙin. Watannin horo za ka yi su ba ka gida, waya sai an ba da izini, wani lokaci 'yan mintoci a mako. Bayan nan ga canjin wurin aiki duk bayan 'yan shekaru, ga tura mutum fagen daga. Matarka za ta zama uwa da uba, in tana da aikinta ko kasuwancinta zai iya tsayawa saboda ƙaura, yara za su riƙa sauya makaranta. In akwai tsofaffin iyaye da kake kula da su, a san wanda zai karɓe ka. Wannan shawara ba ta mutum ɗaya ba ce. A zauna a yi ta dalla dalla, har da maganar da ba a son yi: in ka dawo da rauni, ko ba ka dawo ba, me aka tanada? Kafin ka tafi ka bar wasiyya a rubuce, ka kuma ba wanda ka amince da shi ikon taɓa asusunka.

Samuna zai ragu?

Ga wanda ya riga ya kafu a sana'a, kusan tabbas zai ragu a shekarun farko, domin albashin farabiti an yanka shi ne daidai da saurayin da ba shi da nauyin kowa. Amma kada ka kwatanta albashi da albashi kawai. Ka sa gida ko alawus ɗin gida, abinci, kula da lafiyar iyali da tallafin karatu a cikin lissafin. Ga wanda aikinsa na yanzu ba shi da tabbas, jimillar tana iya fin abin da yake samu. Mai bashi ya san cewa ana duba wannan wajen tantancewar tsaro. Kuma ka bar wa gida abin da zai riƙe su wata biyu ko uku, don albashin farko yakan yi jinkiri.

Zan kai ga fansho kuwa?

Ɗauki alƙalami. A Amurka cikakken fansho sai an shekara 20 ana aiki, wato wanda ya shiga da 35 zai kai a 55, yana cin gwajin ƙarfi duk shekara har zuwa lokacin. A tsohon tsari shekara 20 tana ba da rabin albashi. A sabon tsarin da ya fara a 2018 kashi 40 cikin 100 ne, amma an haɗa da asusun ajiya da gwamnati ke zuba wa kuɗi, wanda mutum zai tafi da abinsa ko bai kai 20 ba. Wannan ya fi dacewa da manya, tunda mafi yawan masu shiga soja, yara da manya, ba sa kaiwa 20 ɗin. A Birtaniya akwai kuɗin barin aiki da wuri ga wanda ya yi shekara 20 kuma ya kai 40 da haihuwa.

Tambayar da za ka yi ita ce: tsakanin shekaruna na yau da ritayar dole, akwai isassun shekarun da za su kai ni fansho? In babu, me zan fita da shi? Wasu muƙaman ma suna da wa'adi, in ba ka samu ƙarin girma cikin wasu shekaru ba sai a sallame ka ko ba ka tsufa ba.

Rundunar ko-ta-kwana ba ta fi dacewa da irina ba?

Ga mutane da yawa ta fi. Kana riƙe da aikinka da gidanka, kana zuwa atisaye lokaci lokaci: a Amurka ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, a Birtaniya kimanin kwana 27 a shekara ga yawancin rukunoni. Iyakar shekarunta ma takan fi faɗi, kamar yadda aka gani a sama. Sai dai kada a ɗauke ta wasa. Horon farko yana nan, kuma in yaƙi ya tashi ana kiran mutum ya bar komai. Dubban 'yan ko-ta-kwana na Amurka da Birtaniya sun yi zama a Iraƙi da Afghanistan. Ka binciki ko dokar ƙasarka ta tilasta wa mai aikinka ya ajiye maka gurbinka, kamar yadda wata dokar Amurka ta 1994 ta yi.

Ni mace ce, na haura 30. Akwai wani abu daban?

Iyakar shekaru ɗaya ce ga maza da mata a rundunonin da aka ambata masu ɗaukar mata. Amurka ta buɗe musu dukkan ayyukan fagen daga a 2016, Birtaniya a 2018. Abin da za ki fi kula da shi ƙashi ne: tsagewar ƙashi ta fi yawa ga mata a horo, musamman a ƙugu. Ki sa a duba miki ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe tun kafin ki fara shiri, ki kuma ba ɗaga nauyi muhimmanci kamar gudu. In kin haihu ba da daɗewa ba, sai likita ya tabbatar jiki ya koma daidai, mai juna biyu kuma ba a fara horo da ita. Duk abin da aka faɗa a amsar iyali ya shafe ki, har ma da ƙari, tunda sau da yawa sai kin yi fama da masu ganin uwa ba ta barin gida.

An taɓa samun waɗanda suka shiga da tsufa sosai?

An samu. Paul Douglas, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, ya shiga sojojin kundunbala na Amurka a matsayin farabiti a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara 50, aka ji masa rauni a tsibiran Peleliu da Okinawa, daga baya ya zama sanata. Henry Webber na Birtaniya ya matsa har aka ba shi muƙamin laftanan a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kashe shi a fagen Somme na Faransa a 1916 yana da 67. Likitan ƙashi Bill Krissoff ya shiga sashen lafiya na sojojin ruwan Amurka yana da 61, bayan an kashe ɗansa a Iraƙi, shi ma sai da shugaban ƙasa ya sa baki. Labaransu suna da daɗin ji, amma a lura: yaƙi ne, ko ƙwarewa ta musamman, ko hannun manya ya buɗe musu ƙofa. Ba da su za ka auna naka lissafin ba.

In na shiga na ga ba zan iya ba, zan iya fita?

Ba kamar aikin kamfani ba ne da za ka ajiye takarda ka kama gabanka. A sojojin ƙasa na Birtaniya wanda ya kai 18 yana da damar neman sallama bayan kwana 28 na farko, kafin wata uku su cika. In ta wuce, sai ya yi shekara huɗu. Kwantiragin farko na Rundunar Baƙi ta Faransa shekara biyar ne. A Amurka jimillar alƙawarin shekara takwas ce, wani ɓangare a bakin aiki, saura a jerin waɗanda za a iya kira. Tafiya ba izini kuwa gudun soja ne, laifin da ke bin mutum har tsufansa. Makonni biyu zuwa uku na farko kusan kowa yana jin ya yi kuskure, manya ma sun fi ji saboda sun san daɗin da suka baro. Ba a yanke hukunci a wannan lokacin.

Me zan tambayi jami'in ɗaukar kurata kafin in sa hannu?

Shi ma aikinsa yake yi, kuma a wurare da yawa akwai adadin da ake so ya kawo. Ba lallai ya yi maka ƙarya ba, amma ba zai faɗi abin da ba ka tambaya ba. Ka tambaye shi ranar da ake ƙirga shekaru, da muƙamin da za ka fara da shi bisa takardunka, da ko aikin da kake so an tabbatar maka da shi ko sai yadda ta yiwu. Ka ji tsawon kwantiragin gaba ɗaya, har da shekarun da za a iya sake kiranka, da abin da ke faruwa ga wanda ya ji rauni a horo, da lokacin da iyali za su iya biyo ka. Sannan ka nemi wani da ya shiga da shekaru irin naka ka ji ta bakinsa, zai fi kyau in ka samu har da wanda bai gama ba.

Ka karɓi kwafin kwantiragin ka tafi da shi gida, ku karanta tare da wanda abin zai shafa. Duk alƙawarin da aka yi maka da baki, na kuɗi ne ko na wurin aiki ko na kwas, ka nemi a nuna maka layin da aka rubuta shi. In kuma wani ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi ko ya gyara maka shekaru, ɗan damfara ne, domin neman shiga soja ta hanyar hukuma ba a sayen gurbi a cikinsa.